Scum: Faifan Napalm Death na 1987 Mai Fuska Biyu

Jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Kafin mu shiga, wanda ya sa abin sauraro a kunne ya ɗan rage sauti, domin faifan da za mu taɓa yau ba ya sallama.

Sunansa Scum, na ƙungiyar Napalm Death daga Birmingham a Ingila. Kamfanin Earache na garin Nottingham ne ya fitar da shi a watan Yulin 1987. Waƙoƙi 28 ne a cikinsa, amma duka-duka minti 33 ne. A ciki akwai waƙar "You Suffer", wadda tsawonta daƙiƙa 1.316 ne, har ta shiga kundin bajinta na Guinness a matsayin waƙa mafi gajarta. Yawancin mutane wannan kawai suka sani game da faifan, kuma abin yana damuna, domin a ganina ita ce mafi ƙarancin abin da faifan ya zo da shi.

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan: Scum aikin rukunin makaɗa biyu ne daban-daban, kowanne da tasa fuskar faifan, kuma mutum ɗaya tak ya haɗa su, wato makaɗin ganga Mick Harris.

Mu fara da fuskar farko. An ɗauke ta a watan Agustan 1986 a situdiyon Rich Bitch da ke Birmingham. Nik Bullen ne ke waƙa yana kaɗa jitar bes, wato jita mai kaurin sauti, Justin Broadrick na kan jita, Harris na kan ganguna. Cikinsu babu wanda ya kai shekara 20. Yara ne da suka taso a zamanin Firaministar Birtaniya Margaret Thatcher, lokacin da masana'antun yankin ke rufewa, marasa aikin yi a Birtaniya suka haura miliyan 3. Makarantarsu ita ce kiɗan punk, salon kiɗan jita mai zafi na 'yan bore, na ƙungiyoyi irin su Crass da Discharge, masu zagin yaƙi da gwamnati da 'yan jari-hujja, dandalinsu kuma wata mashaya ce mai suna Mermaid, inda suke wasa kusan kullum aka shirya taro.

Ku saurari yadda faifan ke buɗewa. Waƙar farko, "Multinational Corporations", ba ta da gudu ko kaɗan. Ƙarar farantan ƙarfe ce da kukan jita, sai Bullen yana ta nanata zargi guda, cewa manyan kamfanonin duniya ne ke hallaka ƙasashen da yunwa ta kama. Daga nan sai waƙa ta biyu ta faɗo. A waƙar "Scum" kuwa, bes ɗin ne ke shigowa da farko, a hankali, da wata gurnani kamar injin niƙa ya kama tsakuwa. Wannan tafiyar mai nauyi daga ƙungiyar Celtic Frost ta ƙasar Suwizalan suka koyo ta. Sai an ja ka a hankali, ka saki jiki, sannan Harris ya buɗe wuta.

To, me yake yi a kan gangunan nan? Ku dubi ƙafarsa ta dama da hannunsa na hagu. Ƙafa ta taka babbar ganga, hannu ya doki ƙaramar ganga mai tsawa, ƙafa, hannu, ƙafa, hannu, ɗaya hannun kuma yana bin ƙafar a kan farantin ƙarfe. Tsarin ba shi da wuyar fahimta. Wuyar tana wajen gudu, domin ana yinsa ne har kunne ya daina rarrabe duka ɗaya da na bayansa, ya koma jin ɓarin wuta kawai. Ba Harris ne ya fara shi ba. Ƙungiyar Siege a jihar Massachusetts da Repulsion a garin Flint na jihar Michigan sun riga shi, kuma kaset-kaset ɗinsu sun iso Ingila ta gidan waya, domin a lokacin matasa musayar kaset suke yi, kowa ya kwafa ya aika wa wani. Abin da Harris ya yi shi ne ya mai da wannan kiɗan ginshiƙin waƙa gaba ɗaya, kuma shi ake danganta wa sunan salon, grindcore.

Kafin faifan ya fito, Broadrick ya koma ƙungiyar Head of David, Bullen ma ya ajiye. Cikin su ukun, Harris ya rage shi kaɗai da rabin faifai a hannu.

Sai ya nemo sababbin mutane. Lee Dorrian, mai shirya wasannin punk a Coventry, ya karɓi waƙa. Jim Whiteley ya ɗauki bes. Jita kuma ta koma hannun Bill Steer, yaro ɗan shekara 17 wanda yake da tasa ƙungiyar, Carcass. A watan Mayun 1987 suka koma situdiyon nan suka ɗauki waƙoƙi 16.

A nan nake so ku kasa kunne sosai. Da ka juya faifan, sautin jita ya yi ƙasa, ya yi kauri, ya yi laka. Muryar Bullen ihu ce ta mai fushi, kana iya tsintar kalma nan da can. Ta Dorrian daga can cikin maƙogwaro take fitowa, ba ka jin komai sai ka ɗauko takardar baitoci. Waƙoƙin sun ƙara gajarta, yawancinsu minti ɗaya ne ko ƙasa da haka. Saƙon bai canza ba, har yanzu zalunci da kwaɗayi ake zagi, amma jikin kiɗan ya karkata zuwa death metal, salon kiɗa mai nauyi da gurnanin murya, wanda a shekarar nan ƙungiyar Death ta jihar Florida ta fitar da faifanta na farko a kansa. Ni dai fuskar farko ta fi kama ni, saboda waƙoƙinta sun fi zama a kai, musamman "Siege of Power". Amma hanyar da aka bi daga baya, daga fuska ta biyu ta taso.

Hoton bangon ma ɗan gida ne ya zana shi, Jeff Walker na Carcass: manya sanye da kwat, a gabansu mutanen da yunwa ta ƙanjame, ga ƙoƙunan kai da tambarin manyan kamfanoni.

Wanda ya fitar da su daga mashaya zuwa kunnen ƙasa shi ne John Peel na gidan rediyon BBC. Ya riƙa sa waƙoƙinsu a shirinsa na dare, ya kuma gayyace su suka ɗauki wasa na musamman a 1987. Kasuwar Earache ta buɗe. A 1989 kamfanin ya fitar da faifan farko na Morbid Angel da na Terrorizer, a shekarar kuma Steer da Walker suka fito da tsohon aikin Repulsion na 1986 a kan faifai. Su kansu Napalm Death, a 1990 Florida suka tafi, situdiyon Morrisound da ke Tampa, suka ɗauki Harmony Corruption, wanda death metal ne sosai.

Mutanen Scum kuwa kowa ya kama gabansa. Broadrick ya kafa Godflesh. Dorrian, bayan duk wannan gudun, ya kafa Cathedral, masu kiɗa a hankali ƙwarai. Steer ya zauna da Carcass. Harris ya fita a 1991, ya sake haɗuwa da Bullen suka kafa Scorn. Napalm Death tana nan tana wasa har yau, da Shane Embury da Barney Greenway a gaba, amma babu ko mutum ɗaya a cikinta da ya yi kiɗa a kan Scum.

Idan za ku saurara, ku bi shi a jere, kada ku tsallake. Waƙa ta 12 ita ce "You Suffer", nan fuskar farko ta ƙare. Ku ɗan dakata kafin ta 13, sannan ku gaya mini a ƙasa wace fuska ta fi muku.