Katangar da ba ta da siminti: yadda mutanen karkara ke gyara ta a arewacin Ingila

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ina karkarar Yorkshire Dales a arewacin Ingila. Wannan dogon layin duwatsu da kuke gani a bayana, wanda ya hau tudu ya gangara, katanga ce da ba a sa mata siminti ko laka ba. Dutse ne a kan dutse, nauyinsa ke riƙe da shi. A wannan yanki kaɗai tsawon irin wannan katanga ya kai kilomita 8,000, kuma da yawa daga ciki an gina su ne a ƙarni na 18 da na 19 don raba gonaki da tsare tumaki. A 2018 UNESCO ta sa wannan sana'a cikin jerin al'adun gado na duniya da sunan ƙasashe takwas, ciki har da Faransa, Italiya, Girka da Sifaniya.

Duk hunturu ruwa kan shiga ƙarƙashin katanga ya daskare, ƙasa ta kumbura, wani sashe ya zube. Manomi ɗaya ba zai iya toshe kowane giɓi ba, shi ya sa ake yin gayya: mai gona, da gwanin magini ɗaya, da 'yan sa-kai. Ƙungiyar Dry Stone Walling Association, wadda aka kafa a 1968, tana koyar da masu sha'awa.

Bari in matso da kyamara ku ga giɓin nan. Da farko ana warware shi har ƙasa, a ware duwatsun: na rufin sama can nesa, manya kusa da ƙafa, ƙanana a tara gefe. A bar hanya tsakanin tarin da katangar, don mai ɗauke da dutse kada ya yi tuntuɓe. Mita ɗaya na katanga kan ci dutse tan ɗaya ko fiye.

Faɗin gindi kusan santimita 80 ne, yana tsukewa har ya koma rabin haka a sama. Ana kafa katako a ƙarshen giɓin biyu, a ja igiya, mutum biyu su tsaya fuska da fuska, kowa na ɗaga ɓangarensa daidai da na ɗan'uwansa. Ƙa'idar ita ce dutse ɗaya ya hau kan mahaɗar duwatsu biyu da ke ƙarƙashinsa. In mahaɗa ta hau kan mahaɗa, an yi tsaga tun daga sama har ƙasa, nan za ta fara buɗewa. Tsawon dutse kuma cikin katanga yake shiga. Sabon hannu yakan shimfiɗa shi tsawonsa ya bi fuskar katanga don ya fi kyau a ido, amma irin wannan ne ke fara zamewa.

Ku dubi tsakiyar nan, inda ake cusa ƙananan duwatsu. A ganina nan ne ran aikin, kuma shi ne wanda yaro da dattijo duk za su iya. Ba zubawa ake yi da bokiti ba, ɗaya bayan ɗaya ake saka su da hannu har sai babu mai motsi. In aka cika da ƙasa ko tsakuwa, ruwa zai wanke ta, fuskokin biyu su faɗa ciki.

Idan gini ya kai rabi, sai a gitta dogayen duwatsu da suka ratsa daga wannan fuska zuwa waccan, kusan kowace mita ɗaya, su ɗaure ɓangarorin biyu. Daga ƙarshe a jera na rufi a tsaye, a matse su da ƙananan duwatsu. Tunkiya takan nemi inda rufi ya yi sako-sako ta haura, in ta ture ɗaya kuwa, sauran garken ta nan za su bi.