Dalilin da Ya Sa Alƙalan NFL Ke Tufka da Warwara Kan Mugun Karo

Bari mu fara da wani karo. Ranar 20 ga Janairun 2019 ce a birnin New Orleans, ƙungiyar Saints da ta Rams suna neman gurbin zuwa Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka ta NFL. Ana 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu a tashi. Drew Brees, mai jefa ƙwallo na Saints, ya jefa wa abokin wasansa Tommylee Lewis ƙwallo, amma tun kafin ta iso Nickell Robey-Coleman na Rams ya sheƙo a guje ya banke shi, hular kwano ta daki hular kwano. Laifi biyu ke nan a lokaci guda: tare mai karɓar ƙwallo kafin ta iso, da duka da hular kwano. Alƙalai bakwai ne a fili, kuma babu wanda ya jefa ƙyallen nan mai ruwan ɗorawa da ake nuna laifi da shi. Rams ta ci 26 da 23 a ƙarin lokaci. Bayan 'yan kwanaki hukumar gasar ta ci Robey-Coleman tarar dala 26,739, amma aikin gama ya riga ya gama.

To, ga kishiyarsa. A watan Oktoban 2022, Grady Jarrett na Atlanta ya rungumo mai jefa ƙwallo Tom Brady ya kai shi ƙasa, kayarwar da ake gani kullum, sai aka ce ya yi keta. Washegari Chris Jones na Kansas City ya ƙwace ƙwallo daga hannun mai jefa ƙwallo Derek Carr suna cikin faɗuwa, shi ma aka hukunta shi, wai ya danne Carr da nauyin jikinsa. Mutum mai kusan kilo 140, ya taho da gudu, ta yaya zai faɗi bai sauke nauyi ba? Kamar ka ce buhun masara ya faɗo daga mota a hankali ne.

Kada ku ɗauka dokokin nan na kare 'yan wasa na banza ne. A 2002 Dokta Bennet Omalu, likita ɗan asalin Najeriya, ya binciki ƙwaƙwalwar marigayi Mike Webster, tsohon ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Steelers, ya gano cutar CTE da yawan buguwar kai ke haddasawa. Tsoffin 'yan wasa sama da 4,500 suka maka NFL a kotu, a 2013 ta amince ta biya dala miliyan 765. Dole ta tsaurara. A 2018 aka haramta sunkuyar da kai don a daki abokin hamayya da hular kwano, hukuncin kuwa ƙungiyar mai laifi ta yi asarar yadi 15 na fili.

Matsalar tana cikin yadda aka rubuta dokar. Littafin dokokin ya umarci alƙali cewa idan yana shakka game da karon da aka yi wa mai jefa ƙwallo, to ya yanke cewa laifi ne. Wato shakka kanta ta isa hujja, kuma abin da ya ba wannan alƙali shakka ba lallai ya ba wancan ba. Ga shi tawagogin alƙalai 17 ne ke zagaya wasannin, yawancinsu ma suna da wasu sana'o'in da suke yi a tsakiyar mako, kuma ana so su tantance kafaɗa ce ko kai cikin ƙiftawar ido. Ni a ganina laifin masu rubuta doka ya fi na masu busa usur.

An gwada gyara da bidiyo bayan abin da ya faru da Saints: a kakar 2019 an ba da damar sake duba laifin tare mai karɓar ƙwallo. Da ƙyar alƙalai ke sauya hukuncinsu, shekara ɗaya tak aka yi watsi da tsarin. A 2024 kuma aka haramta riƙo mutum ta ƙugu a zube masa a kan ƙafafu. Ba kasafai alƙalai ke kama wannan a fili ba, sai dai ɗan wasa ya ga takardar tara bayan an tashi, sakamakon wasan kuwa yana nan yadda yake.