Injin Goge Fentin Mota: Wanne Za a Saya, Kuma Yaya Ake Aiki da Shi?

Hadiza: Assalamu alaikum, masu saurarenmu, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ce Hadiza, tare da ni akwai abokin aikina Malam Bashir, da kuma Baba Isa, wanda ya daɗe yana sana'ar fentin mota. Yau a kan injin goge fenti za mu tattauna, domin Malam Bashir ya ƙudiri aniyar sayen ɗaya. Malam Bashir, me ya ja hankalinka?

Bashir: Motata baƙa ce, Malama Hadiza. Wata rana da tsakar rana na tsaya a gefenta, sai na ga bonet ɗin cike da siraran kwarzane sun kewaye hasken rana kamar saƙar gizo-gizo, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Na shafa mata man ƙyalli da hannu har kafaɗata ta yi tsami, amma da aka wanke ta sau biyu sai kwarzanen suka dawo.

Baba Isa: Ai dama ba su tafi ba, Malam Bashir. Man ne ya cike ramukansu, sabulu kuma ya zo ya wanke shi. Kafin mu yi maganar inji, ina so a fahimci abin da ake gogewa. Fentin mafi yawan motocin zamani hawa uku ne: akwai shafin ƙasa da ke kama ƙarfe, akwai launi, sannan akwai shafin sama garai-garai wanda ba shi da launi, shi ne mai ƙyalli, kuma shi ke kare launin daga hasken rana. Dukkansu a haɗe, a motar da ba a taɓa sake wa fenti ba, kaurinsu yakan kama daga maikiron 100 zuwa 150, wato kusan kaurin takardar rubutu guda, shafin sama kuwa yawanci bai wuce maikiron 40 zuwa 50 ba. Abin da inji ke yi shi ne kankare fentin da ke kewaye da kwarzanen har ya sauko daidai da zurfinsa. Abin da aka kankare kuwa ya tafi ke nan, sai dai a fesa sabo.

Hadiza: Ke nan, Baba, ba kowane kwarzane ne ya kamata mutum ya ce sai ya ga bayansa ba?

Baba Isa: Haka ne, 'yata. Ki ja farcenki a hankali a kansa. Idan farcen ya maƙale, to ya yi zurfin da bin sa zai cinye shafin sama, sai dai a rage kaifin bakinsa kawai don ya daina ɗaukar ido. Idan kuma kin ga fari ko toka-toka a ciki, ya riga ya kai shafin ƙasa, wannan aikin mai fesa fenti ne.

Bashir: A binciken da na yi na ga injinan sun kasu gida uku. Akwai mai juyi ɗaya tak, irin Makita 9227C, wanda faifansa, wato inda ake manna soson gogewa, ke juyawa a wuri guda. Akwai mai motsi biyu, wanda faifansa ke juyawa yana kuma karkarwa a ɗan ƙaramin da'ira, kamar Porter-Cable 7424 mai da'irar milimita 8, ko injinan BigFoot na kamfanin Rupes na Italiya masu milimita 15 da 21. Na ukun shi ne irin Flex 3401 na Jamus, mai motsi biyu amma giya ce ke tilasta wa faifan juyawa. Ni dai zuciyata ta karkata ga mai juyi ɗaya, tunda an ce ya fi saurin aiki.

Baba Isa: Wannan saurin ne nake ji maka tsoro. Mai juyi ɗaya yana tara zafi a wuri guda, kuma ko ka danne shi ba zai tsaya ba. Ina sabon shiga sana'a na taɓa ɗora shi a kan ƙofar wata jar mota, na tsaya daƙiƙu kaɗan a kan layin da ƙarfen ya lanƙwasa, inda fenti ya fi siranta. Da na ɗaga injin sai na ga ja a jikin soson, a kan ƙofar kuma ga wani tabo dishi-dishi kamar faɗin yatsa. Sai da aka sake fesa ƙofar gaba ɗaya, kuma har yau ina tuna yadda gabana ya faɗi. Mai motsi biyu kuwa, idan ka danne shi da yawa ko ka karkata shi, faifan yakan daina juyawa da kansa, wannan kuwa kariya ce ga wanda hannunsa bai faɗa ba. Shi nake so ka saya, mai da'irar milimita 8 zuwa 15, da faifai mai faɗin milimita 125. Mai 21 ya fi dacewa da wurare masu faɗi da shimfiɗa, yana wahalar sarrafawa a lunguna.

Hadiza: Shin da injin kaɗai sayayya ta ƙare?

Baba Isa: Ina! A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, su zuba kuɗinsu duka a kan inji su sayi soso ɗaya. Soso iri-iri ne: akwai mai tauri na kankarewa, akwai matsakaici, akwai mai laushi na ƙarasawa, sannan akwai na ulu wanda ya fi duka ci. Mota guda takan buƙaci soso huɗu ko biyar na irin da ake aiki da shi, domin da zarar ya toshe da mai da garin fenti, sai ya yi zafi ya daina aiki. Ana kuma buƙatar man gogewa mai kaushi da mai laushi, da tawul masu laushi da yawa, da tef na takarda, da tocila mai haske sosai. Wanda ke da hali ya ƙara da na'urar auna kaurin fenti, sai dai ya sani jimillar kaurin take nunawa ba na shafin sama kaɗai ba, kuma irin da aka fi samu ba ta aiki a kan bamba ta roba.

Bashir: To Baba, idan kayan sun kammala, ta ina zan fara?

Baba Isa: Da wanki za ka fara, wanki na ƙwarai, sannan ka bi jikin motar da yumɓun nan na musamman da ke tsince ƙurar da ta manne, domin ƙwayar yashi guda a ƙarƙashin soso ta isa ta zana maka bonet duka. Ka shigar da motar inuwa, ka bari ƙarfen ya huce, ka rufe robobi da gefuna masu kaifi da tef. Daga nan sai ka zaɓi wuri ɗaya na gwaji, kamar santimita 50 tsawo da faɗi, ka fara da soso matsakaici da mai mai laushi. Ka ɗiga ɗigo huɗu na man a kan soson, ka dangwala su a wurin, ka ɗora soson a kan fenti kafin ka kunna, kada kuma ka ɗaga shi sai ya tsaya. Ka baza man da ƙaramin gudu, sannan ka ƙara, kana tafiya a hankali kamar santimita biyu ko uku a daƙiƙa, hagu zuwa dama sannan sama zuwa ƙasa, kowane layi yana hawa rabin na baya.

Hadiza: Na taɓa ganin an ja baƙin layi a gefen faifan. Mene ne amfaninsa?

Baba Isa: Madalla da kika tuna. Da wannan layin ne ido zai gane ko faifan yana juyawa. Idan layin ya tsaya cak, karkarwa kawai injin ke yi, sai a sassauta hannu a daidaita soson ya kwanta sosai. Wayar kuma a rataya ta a kafaɗa don kada ta riƙa gogar fenti. Bayan zagaye uku ko huɗu sai a share wurin, a goge da ɗan sifirit da aka tsarma da ruwa don a cire maiƙon da ke ɓoye kwarzane, a haska tocila a duba. Idan sakamakon ya gamsar, da wannan haɗin za a yi motar duka. Sai idan bai isa ba ne za a matsa zuwa mai kaushi, mataki ɗaya kawai.

Bashir: Idan kuma na ga launin motar a jikin soson fa?

Baba Isa: Ka tsaya nan take. Ko dai motar tana da irin fentin da, wanda ba shi da shafin sama, wannan ba laifi ba ne, ko kuma ka riga ka huda shafin. Fenti marar ƙyalli da aka yi shi haka da gangan kuwa ba a kusantarsa da inji ko kaɗan. Idan ka gama, ka shafa kaki ko man kariya, ka kuma gyara yadda ake wanke motar, da bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraye abin wankin, da tawul mai tsabta, tunda yawancin kwarzanen nan wajen wanki da shanyawa ake samun su.

Bashir: Na janye daga mai juyi ɗaya, Baba. Zan kuma nemi tsohuwar ƙofar mota in fara koyo a kanta kafin in taɓa tawa.

Baba Isa: Ka nemo mai duhun launi, domin ita ce za ta nuna maka kowane kuskure a ƙarƙashin tocila. Ka kuma danne injin da gangan a gefenta sau ɗaya, kana taɓa wurin da bayan hannunka, don ka san irin zafin da yake tarawa.

Hadiza: Mun gode, Baba Isa, Allah ya ƙara lafiya. Malam Bashir, muna jiran labarin ƙofar nan a shiri na gaba. Masu saurare, a huta lafiya.