Hasken da zai leƙa ciki ya duba numfashin ɗan tayi

Masu sauraro, duk wanda ya taɓa kwanciya asibiti ya san ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa yana fitar da jan haske. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, shi ya gano dabarar a 1972. Jinin da ya ƙoshi da iskar oksijin da wanda bai ƙoshi ba, ba sa shan haske iri ɗaya, to daga nan na'urar ke lissafa yawan oksijin da ke cikin jinin mutum. Yanzu abin da masu bincike ke nema shi ne a yi wa jaririn da ke ciki irin wannan awo, ta kan fatar cikin uwar, ba allura ba yanka.

Abin ya dame ni ne saboda yadda ake yi yanzu. In mace na naƙuda, bugun zuciyar jariri ake bi, tun wajen ƙarshen shekarun 1960 haka ake. Amma bugun ba ya faɗin komai da komai, sai ka ga ya ɗan sauya hankalin kowa ya tashi a garzaya da ita tiyata, a ciro yaro lafiyarsa ƙalau, ita kuma an bar ta da ɗinki da jinya. Likitan ma ba laifinsa ba ne, da abin da ya gani zai yi aiki.

An taɓa gwadawa fa. A 2000 Amurka ta amince da wata na'ura da ake turawa ta bakin mahaifa bayan faya ta fashe, ta kwanta a kumatun jariri. Sai binciken 2006 kan mata sama da 5,000 ya nuna ba ta rage yawan tiyatar ba.

Ta waje kuwa aikin ya fi wuya, don hasken sai ya ratsa fata da kitse da bangon mahaifa, kuma yawancin wanda ke dawowa labarin jinin uwa yake ɗauke da shi. Abin da ke taimakawa, zuciyar ɗan tayi na bugawa 110 zuwa 160 a minti, ta uwa ba ta kai haka ba yawanci, sai kwamfuta ta tsince nasa daga nata. Kuma shi oksijin ɗinsa ƙasa yake, wajen kashi 30 zuwa 70 lokacin naƙuda, alhali babba 95 ne zuwa sama. A jami'ar Kalifoniya da ke garin Debis a Amurka an gwada wannan dabarar kan tumaki masu ciki.

Roƙona ɗaya ga masu wannan aiki. A 2020 bincike a jami'ar Mishigan ya nuna na'urar yatsa ta fi yin kuskure kan baƙar fata, tana nuna iska ta isa alhali ta yi ƙasa. Don Allah tun yanzu a sa mata masu duhun fata da masu jiki cikin gwajin, kafin a kai sabuwar na'urar ɗakin haihuwa.