Yadda Tetirasaikilin Ke Hana Bakteriya Haɗa Furotin

Kafson nan ja da rawaya da ake saye a kemis-kemis na Sakkwato, sunansa tetirasaikilin. Danginsa su ne doksisaikilin, da oksitetirasaikilin da ake yi wa shanu allurarsa.

A cikin ƙwayar bakteriya akwai wani ɗan ƙulli. Ribozom ke nan, inda bakteriya ke haɗa furotin. Gida biyu gare shi, ƙarami 30S, babba 50S. Saƙon mRNA, wato umarnin yadda za a haɗa furotin ɗin, na ratsawa ta tsakaninsu, tRNA kuma, mai dakon kaya, na ɗauko amino asid, wato tubalan ginin furotin, ɗaya bayan ɗaya ana jerawa kamar 'ya'yan carbi. Duk tRNA da ta iso da kaya, a gurbi guda take sauka, gurbin A. To, nan maganin ke manne wa 30S ya tare gurbin. Kaya ya zo, ba masauki, jeri ya tsaya cak. Namu ribozom ɗin 40S da 60S ne, maganin ba ya kama shi sosai. Bakteriya kuwa da kanta take janyo shi ciki har ya taru.

Sai dai fa ba kashe ta yake yi ba. Hayayyafa yake hana ta, garkuwar jiki ta ƙarasa aikin. Da zarar ya ragu a jini sai ya saki gurbin, haɗa furotin ya ci gaba. Shi ya sa likita ke rubuta wa babba miligiram 250 zuwa 500 duk awa 6, doksisaikilin kuma galibi miligiram 100 sau biyu a rana. Mai sayen kafso biyu don ciwon ciki kuwa, gata yake yi wa ƙwayoyin bakteriyar da ke da famfon fitar da maganin waje, ko furotin mai ture shi daga ribozom. Su ke tsira su yaɗu.

Kada a kora shi da fura da nono. Kalsiyam ɗin nono na ɗaure maganin tun a hanji, ba zai shiga jini yadda ya kamata ba. Haka maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, da na gyambon ciki mai maganisiyam ko alminiyam. A bar tazarar awa 2 zuwa 3.

Wannan son kalsiyam ɗin ne ke kai shi cikin ƙashi da haƙoran da ke tsirowa, ya rina su rawaya ko ruwan ƙasa, rinin da ba ya fita. Don haka ba a ba mai ciki tetirasaikilin, ba a kuma ba yaron da bai kai shekara 8 ba.