Gidan gahawa: yadda aka jera kujeru jiya, da yadda za a jera su gobe

Assalamu alaikum. Malamaina, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma.

Sufayen Yaman ne suka riƙi gahawa tun ƙarni na 15, don ta kore musu gyangyaɗi wajen zikirin dare. Daga can ta bi fatake da alhazai. A 1511 Khair Beg, jami'in sarautar Mamluk ta Masar a Makka, ya hana shan ta, saboda taron da ake yi a kanta ya tsone masa ido. Hanin bai yi ƙarko ba.

Wajen 1555 wasu mutum biyu daga ƙasar Sham, Hakam da Shams, suka buɗe gidan gahawa a unguwar Tahtakale ta Santambul. To, ku dubi fasalin irin waɗannan gidaje, don nan maganata take. Dakali ne zagaye da bango, an shimfiɗa darduma, murhu a kusurwa, wani lokaci da ɗan kwarmin ruwa a tsakiya. Duk inda ka zauna kana ganin fuskar kowa. Mai ba da labari ya hau ɗan tudu, malami da ɗan kasuwa da soja su kasa kunne tare. Zance kuwa ba ya tsayawa a kan tatsuniya, sai ya gangaro kan fada. Shi ya sa Sarkin Turkawa Murad na Huɗu ya rufe gidajen gahawa a 1633.

Wanda ya je gidan gahawa na Fishawi a kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira zai tarar da ragowar wannan tsari: manyan madubai, ƙananan tebura, kujeru sun malalo har cikin lungu, gwiwarka na gugar ta baƙo. Marubuci Najib Mahfuz ya sha zama a wurin.

Yau mai zanen gidan gahawa soket yake fara ƙirgawa. Dogon katako a jikin taga, kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya, kwamfuta a gaba, kunne a toshe. Ban ga laifinsu ba, haya tana da tsada, mai aiki kuma yana son shiru. Amma da ni za a tambaya, sai in ce a raba ɗakin biyu. A bar masu intanet a ciki da wutarsu, a ajiye babban tebur ɗaya babu soket kusa da ƙofa, inda mai wucewa zai yi sallama a ce masa bismillah. Mai shayin bakin titinmu bai karanci zane ba, amma haka yake jera bencinsa.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za a kawo masa makirufo.