Kafin ka ba da kaya bashi, tambayi inda kayan za su
(Laccar da aka yi wa 'yan kasuwa a Aboabo, Kumasi)

Assalamu alaikum iyayena alhazai da hajiyoyi. Mu nan zango in mutum ya zo daukar kaya bashi tambayarmu daya ce, dan wane ne, wa ya tsaya mai. Tambayar tana da kyau amma wallahi yanzu ba ta isa, saboda mai amana ma yana kasa biya in kasar da yake kai kayan ta rikice.

Ku tuna 2022. Sidi, kudinmu na Ghana, ya fadi warwas, a watan Disamba tsadar kaya ta haura kashi 54 cikin dari, gwamnati da kanta ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje, sai a Mayun 2023 IMF, wato asusun ba da lamuni na duniya, ta amince da rancen dala biliyan 3. Wanda ya ba da shinkafa bashin wata uku a lokacin, ko an biya shi cif-cif, kudin ba su sake sayo mai buhunan da ya fitar ba, kuma ba wanda ya cuce shi fa, lokaci ne ya cinye uwar kudin.

Masu goro ku kun fi ni sani. A Yunin 2023 Najeriya ta saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dala da take wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, to abokin cinikinka na Legas ko Kano da naira ya sayar, kai kuma sidi kake jira, ta ina lissafin zai hadu? Haka masu albasa, da aka yi juyin mulki a Nijar a Yulin 2023 ECOWAS ta rufe iyaka, motoci suka makale albasa tana rubewa a ciki, dillali bai gudu ba amma me zai kawo maka?

Sana'a ma kala-kala ce. Koko ya haura dala 10,000 kowane tan a 2024 amma gonakinmu sun yi kasa saboda cuta da galamsey, wato hakar zinare ba bisa ka'ida ba, don haka kar ka ji farashi a rediyo ka dauka manomi na da kudi a aljihu. Dan kwangila da ke jiran gwamnati ta biya shi, shi kam a yi hattara sosai.

Abin da nake rokonku, kayan da za su tsallaka iyaka ku karbi wani abu a hannu tukuna, ku rage kwanakin biya, a rubuta da wane kudi za a biya, sidi ko naira ko sefa, a gaban shaidu.